Apa ta Bani Malik, Abu ta Malumfashi

Malumfashi zuwa Kano

Ladanin unguwarmu ko gyaran murya bai yi ba na fito da jakata. Matata ta kamo mini buhu har bakin titi tana mita, wai umara za ni ko cin kasuwa, don kuwa Inna ta sa an cusa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da yajin da ta tsaya a kai aka daka. Na ce ta yi haƙuri, kayan ba nawa ba ne, na Yaya Abu ne.

Yaya Abu ita ce 'yar farin Inna, ni kuma auta, a bayanta na yi wayo. Da mijinta ya rasu ba ta da ɗa, sai ta bi ayarin alhazai, ta sami aiki a gidan wasu mutane a Jidda ta zauna. Da farko takan leƙo gida jefi-jefi. Amma rabonta da Malumfashi tun kafin a haifi babbar 'yata, ga shi yarinyar har ta yi aure tana goyo. Mai gidan da ya tsaya mata, kafilinta, ya rasu, iƙamarta, wato takardar zamanta, ta mutu, aka yi ta fama ba ta gyaru ba. Tun daga nan ta san duk ranar da ta fito daga ƙasar ta fito ke nan, za a ɗauki zanen yatsunta, ba ta sake shiga.

Duk tsawon wannan zama Inna ba ta taɓa cewa a kirawo ta ba. Kun dai san iyayenmu na da da kunyar ɗan fari. Sunanta a bakin Inna "waccan", in an matsa mata ta ce "'yar Makka". In Yaya ta bugo waya, Inna ta ce, "Lafiya lau. To madalla. Ga Sabo nan," ta miƙo mini kamar wayar na ƙona ta. Sai bayan ƙaramar salla, da ciwon ƙafa ya kwantar da ita, idanu kuma suka yi hazo, ta kira ni ɗaki ta sa na saki labule, ta ce, "Sabo, ka je ka zo mini da Abu." Na girma har na yi furfura ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, domin na san Inna ba ta zubar da kunyar shekara da shekaru haka kawai. Na nemi hutu a makarantar da nake koyarwa, na nemi kujerar umara.

Motar tasha irin mai cin mutum shida a wurin huɗu ce, aka matse ni da wani mai awaki da ya yi barci a kafaɗata har Dayi. Kafin Gwarzo muka tarar da shinge. Wani soja ya haska buhuna, ya sunkuya, ya ɗago da sauri.

"Malam, mene ne ya mutu a nan?"

"Daddawa ce, ranka ya daɗe. Saudiyya za ta."

"Allah ya ba Larabawa haƙuri. Wuce."

Da hantsi muka shiga Kano.

Jirgi da Makka

A filin jirgi aka sa na naɗe buhun da leda har ya zama kamar gawar tunkiya. Wannan ne hawana jirgi na farko, kuma ba zan ɓoye muku ba, da ya ɗaga sai da na karanta duk abin da na sani, har da wanda ba na tafiya ba. Wata hajiya 'yar Funtuwa da ke kusa da ni, wadda ta mai da hanyar kamar zuwa kasuwa, ta ce, "Malam, ka rage mana na sauka." Da aka yi shelar mun kusa miƙati muka yi niyya. Bayan la'asar muka sauka Jidda, zafi da gumin teku suka tarye mu tun daga ƙofar jirgi.

Ban nemi Yaya ranar ba. Na ce in fara sauke na Ubangiji, don na san halina, in na fara da rigima ibadar ba za ta yi kyau ba. Bas ta kwashe mu zuwa Makka. Abin da na ji da na ga Ka'aba ba zan iya rubuta shi ba, wanda ya je ya sani. Abin da zan faɗa shi ne a ɗawafi addu'ata ɗaya ce, Allah ya bar mini Inna har in koma, ya kuma sa kada in koma ni kaɗai. Da na yi aski na huta kwana biyu, sai na ɗauki buhuna na shiga tasi irin ta haɗaka, riyal talatin kujera. Direban ɗan Sudan ne, da ya ji ina waya da Hausa sai ya waigo ya ce, "Ya Hajji, kai Bahaushe? Kakana daga Sakkwato ya taka da ƙafa." Har muka shiga Jidda yana ba ni labarin garin da bai taɓa gani ba.

Sa'alaba

Masaukina a Sa'alaba yake, gidan Alhaji Ɗanjuma, mutumin garinmu, direba a wani gida a Abhur. Sa'alaba unguwa ce ta tsofaffin gidaje marasa tsawo, lungu-lungu, in ka rufe ido ka saurari surutu sai ka rantse a Fagge kake. Ɗaki ɗaya suka ba ni da fanka da katifa. Da safe 'yarsa ta kawo ful da tamis, wato wake da aka dama da man zaitun da wata faffaɗar gurasa mai zafi. Na gaishe ta da Hausa, ta ji sarai, ta amsa mini da Larabci.

Na tambayi Ɗanjuma su wane ne mutanen nan da suka riƙe mana 'yar'uwa. Na faɗi kalmar da gangan, don tun daga gida na taho da fushinsu a cikina.

"Wallah ba su riƙe ta ba," in ji shi. "Buharawa ne. Kakanninsu daga can ƙasashen bayan Farisa suka yi hijira, wajen iyakar Sin. Su ne masu shinkafar Buhari da tamis ɗin nan da kake ci. Kai dai je ka gani, halas, shi ke nan."

Na ce ai gani na zo yi. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce in na ga dama in bar fushin a nan ya ajiye mini, in na dawo na ɗauka.

Bani Malik

Unguwar Bani Malik, inda Yaya take, cunkoso ce na benaye da kantuna, kowace irin fuska akwai. Gidan yana saman wani gidan abinci, ƙamshin shinkafa da gasasshiyar kaza har titi. Ina tsaye da buhu ina neman wanda zan tambaya, sai wani ƙaton farin mutum mai ƙananan idanu ya fito yana goge hannu. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya buɗe baki da Hausa.

"Lale marhabin, Kawu! Kin zo lafiya? Wayyo ni, ashe ina da rabon miyar kuka!"

Na tsaya sororo. Hausa ce ta garinmu tsaf, amma ta tsofaffin mata, har da tafa hannu. Wannan shi ne Abdul'aziz, jikan gidan. Uwarsa ta rasu yana cikin tsumma, daidai lokacin da Yaya ta zo, ita ta goya shi da zane irin namu, ita ta yaye shi da kunu. Ya sunkuci buhun ya hau bene yana ƙwala kira, "Apa! Apa! Ga Auta!"

Ta fito daga kicin. Ta rame, ta ɗan ranƙwafa, amma tafiyar ta Inna ce sak. Na shirya maganganu tun daga Dayi, ko ɗaya ban samu ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta dafa kaina ta ce, "Auta, kai ne da furfura? La ilaha illallahu. Yalla tashi, kada ka sa ni kuka gaban yaro." Yaron kuwa, mai 'ya'ya uku, ya riga mu farawa.

Aka shigar da ni in gai da tsohuwar gidan, Hajiya Zuhra, kakar Abdul'aziz. 'Yar ƙarama ce fara sol, kwance a gado, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye. A ɗakin akwai matar Abdul'aziz, Gulnara, da wata Baturiya mai gashin ƙashi da ke zuwa tana motsa wa tsohuwar gaɓoɓi, ana ce mata Likita Ilona. Aka kawo wa Hajiya romo. Gulnara ta miƙa cokali, tsohuwa ta datse baki ta juya kai bango. Yaya ta karɓa, ta ce mata wani abu da yarensu, da wata murya irin ta lallashin yaro mai ƙiwa, sai ga baki ya buɗe. Abdul'aziz ya raɗa mini cewa tun da ciwon ya same ta ba ta cin abinci a hannun kowa sai na Apa. Nan na gane aikina ba ƙarami ba ne.

Da yake raina a ɓace yake, sai na huce a kan sunan. Na ce da Larabcina na littafi, wanda ke sa 'yan Jidda murmushi, mutum da sunansa na yanka mene ne kuma Apa? Abdul'aziz ya ce laifin kakansa ne, Allah ya jiƙansa. Ranar da Yaya ta zo aka tambaye ta sunanta ta ce Abu, tsoho ya ce a ƙasar Larabawa ba a kiran mace Abu, ai uba ke nan, za a yi ta tambayar uban wa. Suka yi ta kiran ta Hajja, har ranar da jariri ya buɗe baki a bayanta ya ce apa, gida duka ya ɗauka.

"To me yake nufi?" na ce.

Ashe na taɓo musu inda yake musu ƙaiƙayi. Hajiya Zuhra, wadda asalinta Kashgar ne, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce a yarensu na Uigur apa uwa ce, ba wata magana. Abdul'aziz ya ce kakansa kuwa Ba'uzbeke ne, a wurinsu opa yaya ce mace, kuma har ya mutu haka ya ɗauke ta, ko da yake a shekaru ya haife ta. Gulnara, 'yar Tatar ce daga Kazan ta ƙasar Rasha, ta ce su kam duk macen da ta girme ka, yayarka ko gwaggonka ko malamarka a makaranta, apa ce. Ta ƙara da cewa akwai maƙwabtansu da ake kira Udmurt, yarensu ba dangin nasu ba ne ko kaɗan, amma zama wuri ɗaya ya sa su ma suna ce wa yaya mace apai.

Likita Ilona tana ta dariya tana murza ƙafar tsohuwa. Ta ce ita 'yar Hungari ce, kuma waɗannan Udmurt ɗin dangin harshensu ne na nesa, su da mutanen Finlan, ana ce wa zuriyar tasu ta Ural, da sunan wasu duwatsu. Su Uigur da Uzbek da Tatar kuwa ɗaki ɗaya suke da Turkanci. A Hungari, in ji ta, apa uba ne. Ranar da ta fara zuwa gidan ta ji ƙato yana ihu apa, apa, ta gyara tsayuwa tana jiran mai gida, sai ga Yaya da ludayi. Ta ce a Finlan ma akwai appi, shi kuma surukin mutum ne namiji.

Malami ba ya jin irin wannan ya yi shiru. Na ce ai mu ma Baba uba ne, in ka karya murya kaɗan kuma Baba ƙanwar uba ce, ga Inna da Gwaggo da Kawu da muka aro wurin Fulani har muka manta aro ne. Na tambaya, to su waye suka ara wurin wa? Likita ta ce wani an san aro ne, kamar na Udmurt, wani kuwa ba mai iya rantsuwa, don bakin jariri a duk duniya da irin waɗannan yake fara buɗewa. Yaya, da ke goge wa tsohuwa baki, ta ce da Hausa, "Yaro dai ya buɗe baki, wanda ke kusa ya amsa. Ku tashi ku ci abinci, shinkafa na hucewa."

Na ci shinkafar Buhari da karas da zabibi har na ji kunya. Da dare ya yi ban sami keɓewa da Yaya ba, na koma Sa'alaba. Ɗanjuma ya tambaye ni ko zan karɓi ajiyata, na ce ya bar mini rabi.

Saman bene da Abhur

Washegari da hantsi na same ta a saman bene tana shanya. Na ce na zo tafiya da ita ne.

"Na sani, Auta," ta ce, ba ta daina matse zane ba. "Ka dai ga Hajiya. In na sa ƙafa waje, babu dawowa. Wa zai ba ta abinci? Ka bari Allah ya yi nasa ikon a kanta, in sha Allah sai in taho."

"Ita Innar an ba ki takardar cewa za ta jira?"

"Inna tana da ku. Ni kuwa me zan ƙara mata? Ko a waya ba ta iya minti ɗaya da ni."

Nan rabin fushin da na riƙe ya tashi. Na ce su suka haife ki? Na ce kin tsufa a bautar wasu, kin goya musu, kin yi musu jinya, uwarki na kwance sai jikoki ke juya ta. Da na gaji sai na zauna a kan bokiti na faɗa mata abin da ya kamata in fara da shi.

"Yaya, ba ni na aiko kaina ba. Inna ta sa na saki labule, ta ce in zo mata da Abu."

Zanen ya faɗi daga hannunta. "Me ta ce?"

"Abu."

"Da bakinta? Ba waccan ba?"

"Da bakinta."

Ta zauna daɓas a kan siminti mai zafi, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Mace mai shekaru sittin da wani abu tana kuka kamar an kai ta aure. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin kaina. Da ta natsu ta ce, "Kada Hajiya ta ji. Zai kashe ta. Ka ba ni lokaci in yi tunani."

Na sauko na tarar da Abdul'aziz a kan matakala da kwandon wanki a hannu. Na manta sarai yana jin Hausa. Ya ce, "Kawu, yalla, zo ki ga teku." Muka ɗauki hanyar arewa, tafiya mai ɗan nisa, har Abhur, inda manyan gidaje suka jeru a bakin ruwa. Ya sayo mana shayi, muka zauna kan dutse. Ya tambaye ni me ya sa sunan ya sa ta kuka. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari, yadda uwa ke ɓoye son ɗanta na farko, ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, wani lokaci ma kaka ke riƙe shi.

"Mu duk zatonmu uwarta ba ta damu da ita ba," ya ce da Larabci. "Shi ya sa ban taɓa jin nauyin riƙe ta ba." Ya share ido da bayan hannu, ya koma Hausa. "Kawu, ni ban san wata uwa ba. In ta tafi na zama maraya sau biyu. Amma ni zan gaya wa Hajiya. Apa ba za ta iya ba."

A nan sauran fushina ya ƙare. Na zo ina ganin ɓarayi zan tarar, sai na tarar da ɗan yayata.

Ɗakin Hajiya Zuhra

Bayan la'asar aka kira mu. Tsohuwa ta sa an tayar da ita an jingina da matasai, ta sa an ɗaura mata farin kallabi. Yaya ta shigo tana harararmu ni da Abdul'aziz. Hajiya ta yi magana da yarensu, jikanta yana mayar mini.

Ta ce tana ƙaramar yarinya ubanta ya fito da ita daga Kashgar, suka haura duwatsu a kan dabbobi zuwa ƙasar Hindu, daga nan jirgin ruwa zuwa Jidda. Uwarta na da tsohon ciki, aka ce ta zauna, baɗi a dawo a ɗauke ta. Kafin baɗi hanya ta rufe. Ba ta sake ganin ta ba, ba ta san ranar da ta mutu ba, ba ta san kabarinta ba. Sai ta juya ga Yaya, ta kama kunnenta da hannun nan mai lafiya, ta ja da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

"Uwarki na kira, hanya a buɗe, kina tsaye kina ba wata tsohuwa romo? Ni zan ci a hannun Gulnara. In ban ci ba, ina ruwanki? Fita mini daga gida."

Yaya ta kifa kai a cinyarta. Tsohuwa ta saki kunnen ta koma shafa mata kai, tana wata 'yar waƙa a hankali. Ni da Abdul'aziz muka fice, don ba wurin zamanmu ba ne.

Kwanakin da suka biyo baya zirga-zirga ce tsakanin ofishin jakadancinmu da na masu fasfo, Abdul'aziz a gaba da fayil, mu a baya. Ranar da aka ɗauki zanen yatsunta ta fito tana kallon hannayenta, ta ce, "Halas, shi ke nan." Da yamma ta shiga kicin ta tuƙa tuwo da miyar kukar Inna, gidan duka ya ɗauki warin daddawa. Gulnara ta yi ta maza ta ci loma uku. Abdul'aziz ya ci malmala huɗu ya side kwano.

Ranar tafiya, muna shirin sauka, Hajiya ta ce a kawo gurasa. Aka hawo da ita da zafinta daga tanderun ƙasa, zagayayya mai ado a tsakiya. Ta miƙa wa Yaya ta ce ta gutsura. Yaya ta gatsa gefe ɗaya ta tauna. Tsohuwa ta karɓi sauran, ta sa Abdul'aziz ya zura zare ya rataye a ƙusa saman gadonta. Ya gaya mini al'adarsu ce, matafiyi ya ci gefe ya bar saura, rabonsa na nan a gidan, sai ya dawo ya ƙarasa. Duk wanda ke ɗakin ya san ba dawowa. Hajiya ta dubi gurasar ta ce ita ma uwarta ta ba ta ta gutsura.

A filin jirgi Abdul'aziz ya durƙusa har ƙasa irin gaisuwarmu, mutane na kallo. Yaya ta ce, "Tashi, ja'iri, Allah ya yi maka albarka. Ka riƙa rage gishiri." Ba ta waiwaya ba har muka shige, amma hannuna da ta riƙe sai da ya yi kwana biyu yana ciwo.

Gida

Mun sauka Kano da safe, muka yi shatar mota. Daga Gwarzo Yaya ta manne da taga tana tambaya, ina kukar da ke nan, wane ne ya gina wancan. Ana kiran azahar muka tsaya ƙofar gida. Mata suka yi ta guɗa, yaran da ba su san ta ba suka yi cirko-cirko.

Inna na zaune a bakin gado, an yi mata wanka ta sa zanen salla. Yaya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta rarrafa har gabanta ta gaishe ta. Inna ta kau da kai wajena ta ce, "Sabo, kun sha hanya. Ya jirgin?" Tana tambayata labarin jirgi, hannunta kuwa na lalube har ya sami kan Yaya, ya zame ɗankwali, ya bi gashin. Can ta ce, ba da kowa ba, "Wa ya tsofar mini da yarinya?"

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Abdul'aziz ne. Ya yi mana barka da sauka, sa'an nan ya ce in ba shi Apa a ɓoye, Hajiya tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba. Kunnen Inna kuwa ba abin da ya same shi. Ta ce wace ce ba ta ci ba? Na gaya mata. Ta miƙo hannu, ita da ke gudun waya, ta ce a sa mata matar.

Aka kara wa Hajiya Zuhra a can, na kara wa Inna a nan. Ba mai jin yaren wani. Inna ta ɗaga murya yadda take yi in tana magana da na nesa.

"Baiwar Allah, sannu da jiki. Ta iso lafiya, na karɓa. Na gode da riƙo, Allah ya saka miki da Aljanna. To ki ci abinci, kin ji? In ba ki ci ba ita ma nan ba za ta ci ba, kin ga kin ba ni aiki."

Muka ji muryar tsohuwa siririya tana amsawa da nata yaren, ta daɗe tana magana, Inna na cewa, "Haka ne. Haka ne wallahi." Sai Abdul'aziz ya karɓa yana dariya da kuka a haɗe, ya ce, "Kawu, ta ce a kawo romon."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da mu biyu, ya kuma sa muka tarar da Inna da ranta. Alhaji Ɗanjuma da iyalinsa, Allah ya bar zumunci. Mutanen Bani Malik kuwa, na je da niyyar faɗa da ku na dawo ina jin kunyarku. Wanda duk ya karanta wannan, in ya ɗaga hannu, ya sa da wata tsohuwa a Jidda da ta ba mu abin da ita ba ta samu ba.